Takardar Ɗan Isa

Tun da aka idar da sallar azahar Arzika yake zaune cikin motarsa a tashar Magama. Layi ya zo kansa har sau biyu yana cewa a ba na bayansa. 'Yan kamasho sun yi mashi tsiya sun gaji, har wani ya ce halan aljanun garin Daddara ne suka hana shi lodi. Ya kifa goshi bisa sitiyari yana jin yayyafi na buga rufin mota, abin da ya faru jiya Talata a ƙofar gidan mai unguwa yana ta dawo mashi kamar yanzu ake yinsa.

Shi fa taimako ya tashi yi. Allah ya sani.

Mu'mina, yarinyar da yake nema shekara biyu ke nan, ta ci ɗari uku da goma sha ɗaya a jarrabawar JAMB. Shi bai san nauyin wannan lamba ba sai da ya ga malamarsu ta zo har gida ta rungume ta tana hawaye. Likita take son karantawa, a babbar jami'ar nan ta tarayya da dubbai ke nema a ɗauki ɗari da 'yan kai. Malamar ta ce ko da wannan maki ba a cewa an samu, sai dai a ce an shiga sahun waɗanda za a duba. Wanda kuwa takardarsa ɗaya ba ta cika ba, ture shi ake yi a jawo na bayansa.

Takarda ɗaya ta rage mata, ta shaidar cewa ita 'yar asalin ƙaramar hukumar Jibiya ce. Ranar Juma'a za a rufe karɓa. Ita kuma takardar ba ta fita sai mai unguwa ya fara sa hannu.

Mai unguwa ya ce a kawo shaidar haihuwa. Baba Ummaru, ƙanen mahaifinta da ke riƙe da ita tun rasuwar iyayenta, ya ce zai je kotu ya yi rantsuwa a ba shi takarda, yadda kowa ke yi. Arzika yana zaure ya ji. Sai ya tuna Mu'mina ta taɓa gaya mashi a Ɗan Isa aka haife ta, can tsallaken iyaka cikin Nijar, don ita ce 'yar fari, uwarta gida ta tafi goyon ciki. Ya ce a ransa, mi za a yi da rantsuwa ga ta gaskiya tana nan ajiye?

Bai gaya wa kowa ba. Ya yi sammako ya tsallaka, ya yi tambaya har gidan kakarta Iya Fatu, ta kwance wani ƙullin leda daga ƙasan adaka ta ba shi. Takarda ce da Faransanci, hatimi har biyu a jikinta. Shi da ko Hausar boko da ƙyar yake haɗawa, hatimin kawai ya gani, zuciyarsa ta yi fari. Duk hanya yana dafa aljihu.

A gaban jama'a ya miƙa ta. Badaruddeen ne ya karɓa, ɗan 'yar'uwar mai unguwa, mai shagon kwamfuta a bakin kasuwa, don shi ke jin Faransanci. Kowa ya san ya taɓa aika wa Mu'mina tana mai da mashi saƙonsa. Ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi.

"Wurin haihuwa, Ɗan Isa. Uwa, Fatu. Uba..." Ya ɗago ya dubi Baba Ummaru. "Uba, Yahya. Dukansu 'yan ƙasar Nijar."

Baba Ummaru ya miƙe har hularsa ta faɗi. "Sadiq ne ubanta! Wana, uwa ɗaya uba ɗaya, a garin Kusa, nan ƙasar Jibiya, aka yanke mana cibiya!"

"Ni dai abin da ke rubuce na karanta, Baba."

Ba wanda bai gane abin da ya faru ba a wurin. Ɗan fari na kakanni ne. Iyayensa kunyarsa suke ji, ba su kiran sunansa, ba su ɗaukarsa gaban mutane, balle uba ya tsallaka gidan surukai ya ce ya zo yi wa ɗiyarsa takarda. Kakanta Yahya ne ya je wurin masu rubutawa, aka ce ɗiyar wa ce, ya ce tawa. A wurinsa ba ƙarya ya yi ba.

Mai unguwa ya daɗe yana juya takardar. Can ya ce an ja masu kunne kan ba baƙi shaida, kuma idanun mutum goma sun ga wannan. In ya sa hannu yau, gobe shi za a kira.

Haka aka watse.

Da aka yi la'asar Arzika ya kulle mota ya taka da ƙafa zuwa gidan su Mu'mina. Baba Ummaru yana bakin zaure yana feƙe ƙota. Ya durƙusa ya gaishe shi, tsohon ya amsa a daƙile.

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa, Baba."

"To ni abin da ke cina ke nan. Wa ya aike ka? Da ka bar ni na yi rantsuwata da yanzu an wuce wurin. Shekara goma sha biyu yarinyar nan tana tafiya makaranta, rana da ruwa, kai kuma ka rusa da tafiyar safiya ɗaya."

"Na yi kuskure, Baba."

"Kuskure!" Ya ajiye ƙotar. Muryarsa ta sauka, kuma saukar ta fi faɗan zafi. "Arzika, ban taɓa jin mugun abu gare ka ba. Amma ka ji abin da ake ciki. Badaruddeen ya zo da safe. Ya ce kawunsa ba ya iya sa hannu don baƙuwa, amma in yarinya ta zama ta gidansu, zai tsaya mata, duk abin da ya biyo baya su ɗauka. Ya ce ba zai hana ta karatu ba. Ni ban amsa ba. Na ce ba ni yi wa marainiya dole, sai abin da bakinta ya faɗa. Kai ma in kana ƙaunarta, ka san abin da ya kamace ka. Shiga, tana nan. Yau dai na ba ka izini."

Tana zaune a ƙaramin zaure na ciki bisa turmi da aka kifa, hijabinta ruwan toka, idanunta sun kumbura. Littafi na kan cinyarta a rufe. Ya tsaya daga bakin ƙofa kamar baƙo.

"Mu'mina."

"Zauna mana. Ko ni ma ka fara gudu na?"

Ya zauna a ƙasa. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri. Ita ta riga shi.

"Kada ka ce komi. Na san don mi ka je. Jiya da aka gaya mani na yi kuka, na zage ka a raina, wallahi na zage ka. Sai kuma na hango ka kana tafe da takardar nan cikin aljihu kana murna, sai na rasa wanda zan ji wa haushi."

"Da na tambaye ki."

"Da ka tambaye ni, ni ma cewa zan yi ka ɗauko. Ban taɓa ganinta ba." Ta share hanci da gefen hijabi. "Ka ji abin da Badaru ya zo da shi?"

"Na ji."

"Na ce ma Baba a bar shi. A bar karatun. Wata shekara na sake jarrabawa."

"Wata shekarar wa zai sa hannu? Takardar ba ta gogewa daga idon mutane. Kuma ke kika ce mani irin wannan maki ba kullum ake samunsa ba."

"To sai in zauna. Mata nawa suka zauna? In aure ka, in yi ta dama maka fura, ka dawo daga Maraɗi kana warin fetur ina maka tsiya." Ta yi dariya, dariyar ta karye ta koma kuka. "Ni ban son Badaru, Arzika. Ko muryarsa ban son ji. Jiya an ce har da gyara tabarau."

Ya sunkuyar da kai. A nan ne abin ya zo mashi, yadda yake zuwa kullum ba sallama.

Shekara huɗu ke nan. Damina ce irin wannan, gero ya kai kafaɗa. Yana sabon direba aka tare shi da rana tsaka, mace ce ke naƙuda tun jiya, an ce a wuce da ita Katsina. Inna Nana ce, uwar Mu'mina, mijinta wata uku da rasuwa. Aka kwantar da ita a kujerar baya, wata 'yar budurwa ta ɗora kanta bisa cinya. Ya yi gudun da bai taɓa yi ba. Suna gab da Daddara ya ji nishin ya tsaya, ya duba madubi, suka haɗa ido da matar. Ba ta yi wa ɗiyarta magana ba. Shi ta yi wa.

"Direba, yarinyar nan tana da kai. A ce ma Ummaru kada a fidda ta daga boko."

Yarinyar nan. Har a wannan lokaci ba ta kira sunanta ba. Kafin su fita garin ta cika, da ita da abin da ke cikinta.

Tun ranar, duk sanda ya zo Daddara sai ya ji bayan motar ya yi nauyi, ko da ba kowa a ciki. Wani lokaci har ya rage gudu don kada ya girgiza wadda ke kwance. Bai taɓa gaya wa kowa ba, 'yan tasha dai sun lura yana yin shiru a wurin.

"Kin tuna abin da Inna ta ce?"

Mu'mina ta toshe kunnuwa. "Kada ka kawo mani wannan. Don Allah kada ka kawo."

"Ni ta gaya mawa. Ba ke ba, ba Baba ba. Ni ne na ji, ni na kawo saƙon gidan nan. Yanzu kuma a ce da hannuna na fidda ki? Ina zan bi in je Katsina, Mu'mina? Hanya ɗaya ce."

"To in ta ce a bar ni in yi boko, ta ce a ba ni wanda ban so?"

"Ba ta ce ba."

"To mi kake so in yi?"

Wani tunani ya gifta mashi, ya ce, "Iya Fatu fa? In ta zo da bakinta ta faɗi yadda aka yi?"

"Iya?" Ta girgiza kai. "Tun da aka rufe Inna ta rantse ƙafarta ba ta ƙara taka ƙasar nan. Ko rasuwar ƙanwarta a Jibiya ba ta zo ba. Kuma kana so ta tsaya gaban maza ta ce ni ba ɗiyarta ba ce? Ita da ta goye ni har na shekara bakwai? Ka bar wannan."

Ya bari a baki, bai bari a zuci ba. Amma ya ji tsoron sake sa mata rai. Jiya ya zo da murna ya zubar mata da komi. In ya ce zai kawo tsohuwa, tsohuwa ta ƙi, Juma'a ta wuce, mi zai ce mata? Sai ya haɗiye.

"Duk hanyar da za ta kai ki makarantar nan, ki bi ta," ya ce, yana kallon ƙasa. "Kada ki dube ni."

"Ka san abin da kake faɗi?"

"Na sani."

"Dube ni ka faɗa."

Ya ɗago. Hawaye sun jiƙe mata haɓar hijabi. Ya maimaita, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai haɗiyar ƙaya. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙe, littafin ya zame ya faɗi, ba ta ɗauka ba ta shige cikin gida.

Alhamis da hantsi yana Ɗan Isa. Ya iske Iya Fatu a tsakar gida tana tsince wake cikin faifai, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, ido ɗaya ya yi fari.

"Kai ne na shekaranjiya? Takardar ta yi?"

Ya durƙusa ya gaya mata komi, bai rage ba. Hannunta ya tsaya cikin waken.

"To mi Yahya ya yi na laifi? Ɗiyarmu ce. Nan ta faɗo, bisa tabarmar can. Ni na yanke cibiya, ni na tauna mata abinci. Su da lakwal ɗinsu, bokon nan nasu, sai su ce ba tamu ba ce?"

"Ba su ce ba, Iya. Ke ake so ki ce."

"Ni?" Ta ture faifan. "Tashi ka ba ni wuri. Ƙasarku ta cinye mani ɗiya guda, yanzu ka zo in kai ta biyu da bakina? Kai ɗan wa ne ma?"

Bai tashi ba. Gwiwoyinsa sun nutse cikin jiƙaƙƙen rairayi.

"Iya, ni ne direban."

"Wane direba?"

"Wanda ya ɗauki Inna Nana. Cikin motata ta cika. Motar tana nan waje."

Tsohuwa ta juyo da lafiyayyen idon ta kafe shi da shi. Ya ɗauka za ta yi ihu, ko ta jefe shi da wani abu. Sai ya ji ta tambaya a hankali.

"Ta sha wuya?"

"Ta sha. Amma daga ƙarshe ta natsu."

"An ce mani ba ta bar magana ba."

"Ta bari." Ya faɗa mata, yadda aka faɗa mashi, bai canza ko kalma ba.

"Yarinyar nan ta ce? Ba ta kira suna ba?"

"Ba ta kira ba."

Iya Fatu ta rufe fuska da gefen zane. Kafaɗunta na rawa, ba sauti. "Nana ke nan," ta ce daga cikin zanen. "Kunya har bakin kabari. Ni na koya mata. Ni na ce in ta kuskura ta kira sunan 'yar fari gabana sai na fasa mata baki."

Ya bar ta ta yi kukanta. Bai san minti nawa ba. Da ta gama ta ce ya jira, ba ta zuwa wurin jika hannu sake. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da mayafi da ƙullin kuka da daddawa. Ta ce rantsuwarta kuma ta yi azumin kaffara, Allah ya ga dalili. Shi dai yana ta duban rana, amma bai iya ce ma tsohuwa ta yi sauri ba.

A bakin mota ya buɗe mata gaba. Ta ƙi.

"Ina ta kwanta?"

Ya nuna. Ta shiga baya, ta shafa kujerar da tafin hannu kamar mai lallashin jariri, ta zauna daidai wurin.

Ruwa ya tare su kafin iyaka, irin mai zuwa da iska. Ga layin manyan motoci a shingen duwan, kwastan ɗin Nijar, ga tsohuwa ba ta da katin shaida, sai da aka yi ta bayani aka samu wani jami'i da ya san gidansu. Ya jawo waya ya kira Mu'mina, a kashe. Ya kira Baba Ummaru, tana ta ringi ba a ɗauka ba. Duk tsawon hanyar bai duba madubi ba. Yana jin numfashin mutum a bayansa, yana jin carbi na ƙarawa, ya rasa ko ɗaya ce a kujerar ko biyu.

Azahar ta gota suka shigo Magama.

Tun daga kan kwana ya hango tabarmi a ƙofar gidan Baba Ummaru. Takalma jere. Manyan riguna. Mai unguwa a tsakiya, Baba Ummaru a gefensa, ga faranti an buɗe ganye, goro fari da ja. Hannuwa suna sama ana shafa fatiha.

Ya taka burki. Bai san sanda motar ta mutu ba.

"Mi ake yi nan?" in ji Iya Fatu. "Wa ya mutu?"

Ya fito ya buɗe mata. Mu'mina ce ta fara ganinsu, daga cikin zaure inda take tsaye bayan ƙyaure. Ta fito ba ko takalmi, farar takarda a hannunta, ta ratsa maza ta faɗa jikin tsohuwa.

"Iya! Iya, ke ce?" Sai ta ɗago ta dubi Arzika ta saman kan kakarta. Fuskarta ta canza. "Can ka tafi? Don mi ba ka gaya mani ba?"

"Na ji tsoron kada ta ƙi."

"Ka ce in bi hanya. Ka dube ni ka ce in bi." Ta ɗaga takardar, ga sa hannun mai unguwa ɗanye a ƙasa. "Na bi, Arzika. Da safe Baba ya tambaye ni, na ce na yarda."

Iya Fatu ta saki jikarta. Ta dubi goron, ta dubi Badaruddeen da ke zaune cikin shadda sabuwa yana murmushi, ta gane.

"Ummaru! Wa ya ba da ɗiyata ban sani ba? 'Yar fari ce. Ko ubanta da yana raye ba ya ba da ita sai ya tsallako ya tambaye ni. A kwashe goron nan!"

Wuri ya ruɗe. Baba Ummaru yana ba da haƙuri, dangin Badaruddeen suna miƙewa. Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Dattijo ne, bai ɗaga murya ba.

"Iya, sannu da hanya. Maganarki tana bisa al'ada, ba mai musu. In ɗiyarki ce, ke ke da iko, a kwashe goro yanzu. Amma kin ga in ɗiyarki ce, takardar Ɗan Isa ta yi gaskiya, wannan da na sa wa hannu sai in karɓi abata, don ban iya tsaya wa wadda ba tamu ba. In kuwa ɗiyar Sadiq ce mutumin Kusa, kika faɗa gaban mutanen nan, to takardata ta zauna da ƙafarta, ba wanda zai ƙara tuhumata. Sai dai ɗiyar Sadiq, Ummaru ne waliyyinta, kuma ya riga ya karɓa. Faɗi ɗaya, Iya. Ɗiyar wa ce?"

Tsohuwa ta juya ta dubi Arzika.

Kowa ya bi idonta. Shi kuwa Mu'mina yake kallo. Tana girgiza mashi kai a hankali, leɓunanta na motsi ba sauti, ya gane abin da take roƙo. Kalma ɗaya ce. Ya ce ma Iya ta riƙe ɗiyarta, a kwashe goro, ya koma zaurensa na da. Juma'a ta zo ta wuce kamar kowace Juma'a.

Bayan wuyansa ya yi sanyi, kamar an buɗe gilashin baya.

"Iya," ya ce, muryar ba kamar tasa ba, "faɗi abin da muka zo faɗi."

"Arzika!" Mu'mina ta yi ƙara.

Iya Fatu ta gyara mayafi. Ta miƙe iya miƙewarta, ba ta dubi jikarta ba.

"Ku shaida. Nana ce ta haife ta, Sadiq na Kusa ne ubanta. Mijina ya rubuta sunanmu don kunyar 'yar fari. Ni goyo na yi." Muryarta ta tsinke, ta ƙarasa da ƙyar. "Ba ɗiyata ba ce."

"Mun shaida," in ji mai unguwa. Mutane suka amsa.

Ya ce ma Baba Ummaru su yi maza sakatariyar ƙaramar hukuma kafin a tashi aiki. Aka shiga neman takalma. Wani dattijo da bai san komi ba ya bi mutane da faranti, ya zo kan Arzika ya danƙa mashi goro biyu a hannu, ya ce a sa albarka. Ya karɓa. Bai san yadda ake ƙi ba.

Mu'mina ta zo wucewa, Baba na gaba yana kiranta. Ta tsaya dab da shi, ba ta dube shi ba, ta yi magana ƙasa ƙasa.

"Ban yafe maka ba. Ka ji? Ban yafe ba." Ta ja numfashi. "Amma shekara shida ake karatun likita. Ban ga goron da zai kai shekara shida bai bushe ba."

Kafin ya amsa, ƙamshin turare ya iso su. Badaruddeen ne a bayansu, yana goge tabarau da bakin riga, makullin mota na lilo a yatsansa.

"Wa ya ce maki shida za a jira?" ya ce da fara'a. "Baba bai gaya maki ba? Kafin ki tafi makaranta za a ɗaura. Mu je in kai ku sakatariya. Direba, gyara mana motarka, ta tare hanya."